TAKIN INABI: GANYE KAKE NEMA KO 'YA'YA? (Rubutaccen shirinmu na wannan mako)

   Yau maganar inabi za mu yi, kuma a cikin maganar inabin ma ɓangare ɗaya na ɗauka, wato taki.

Dalilin da ya sa na ɗauko wannan batu, duk wanda yake hawa Facebook ko TikTok ya ga bidiyon gonakin inabin Kudan da Hunkuyi a jihar Kaduna. Rumfa ce doguwa, nonnan inabi suna reto, mai gona yana tsinka yana murmushi. Kowa ya gani sai ransa ya biya. Kuma abin gaskiya ne, mutanen Kudan sun nuna inabi yana yi a ƙasar Hausa, ga 'yan kasuwa na ɗauka suna kaiwa birane. Mu kuma nan Kano muna da kasuwar 'Yan Lemo, muna ganin yadda ake sayar da ɗan ƙaramin mazubin inabin da aka shigo da shi daga waje da tsadar gaske. To shi ya sa yanzu matasa da yawa suke sayen dashe, wani ya sa gindi biyar a tsakar gida, wani ya yanki gefen gonar gado ya kafa rumfa.

Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da kuke turo mana kusan iri ɗaya ce: "Inabina ya yi kyau, ya rufe rumfa, ganye kore shar, amma shekara biyu ko uku ba ya 'ya'ya, ko ya yi ɗan kaɗan mai tsami. Wane taki zan ƙara?" Amsar da zan bayar ba lallai ta yi wa mai tambaya daɗi ba. Sau da yawa takin ne ya yi yawa, kuma ba irin wanda itacen yake buƙata ba ne a wannan lokacin.

Mu fara daga tushe. Mu nan da gero da dawa da masara muka saba. Ilimin takin da muka tashi da shi na hatsi ne: ka sa kamfa, bayan sati uku ko huɗu ka bi da yuriya, ganye ya yi baƙi-baƙi, kara ya yi kauri, ka ce alhamdulillahi. Hatsi wata uku zuwa biyar ne ya gama rayuwarsa. Inabi kuwa itace ne, idan aka kula da shi yana shekara ashirin ko fiye yana ba ka. Abin da ka yi masa a wannan watan, sai bayan wata shida ko takwas za ka ga sakamakonsa.

Abubuwa uku ne manya a cikin takin zamani, su ne haruffan nan na NPK da kuke gani a jikin buhu. N shi ne naitirojin, aikinsa ganye da reshe. P shi ne fosfaras, yana taimakon saiwa da fure. K shi ne fotasiyam, shi ne na ƙwarin reshe, da cikar 'ya'ya, da zaƙi. Lambobin da ke jikin buhu kaso ne cikin ɗari. Buhu mai kilo 50 na 20:10:10, wanda ya yaɗu bayan shirin taki na gwamnatin tarayya da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, yana da kilo 10 na naitirojin, kilo 5 na ɓangaren fosfaras, kilo 5 na ɓangaren fotasiyam. Na 15:15:15 kuma kilo bakwai da rabi ne kowanne. Yuriya kuwa kaso 46 ce, wato kilo 23 na naitirojin zalla a buhu guda, babu fosfaras babu fotasiyam ko kaɗan.

To ga inda matsalar take. A cikin ukun nan, abin da 'ya'yan inabi suka fi kwashewa daga gona shi ne fotasiyam. Mu kuma abin da ya fi sauƙin samu a kasuwanninmu na ƙauye shi ne yuriya da 20:10:10, duka biyun naitirojin ne ya rinjaya a cikinsu. Idan ka yi ta ɗura wa inabi naitirojin, zai yi ta miƙa reshe, gaɓoɓin su yi tsawo, ganye ya yi faɗi ya yi duhu. Inuwa ta rufe idanun da ke jikin reshe. Su kuma idanun nan, a cikinsu ake ƙulla nonon inabi tun watanni kafin ka gan shi, kuma sai da hasken rana yake ƙulluwa. Idon da ya girma a inuwa, maimakon nono sai ya fito da ɗan zaren nan da inabi yake kama waya da shi. Ka ga an samu rumfar hutawa, an rasa abin kaiwa kasuwa. Ƙari a kan haka, ganye mai laushi da ya cushe wuri ɗaya shi ne abin da cutar fumfuna take so da damina. Idan ma an samu 'ya'yan, sai su yi jinkirin nuna, su yi ruwa-ruwa, su ƙi jure tafiya.

Yanzu mu dawo kan ƙasarmu. Yawancin gonakin Kano ta Arewa jigawa ce, rairayi ya fi yawa. Wannan yana da kyau ta wani ɓangaren, domin inabi ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Amma rairayi ba ya riƙe abinci. Ka zuba takin zamani da yawa lokaci ɗaya, ka yi ban ruwa biyu ko uku, rabinsa ya gangara ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Abin da yake sa rairayi ya riƙe ruwa da abinci shi ne ruɓaɓɓen takin gida.

A nan iyayenmu da kakanninmu malamai ne. Wannan yanki da ya kewaye birnin Kano yana cikin wuraren karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, gona na jikin gona, babu saura, kowace shekara ana nomawa. Masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, tun shekarun 1960 ya yi nazarin yadda ƙasar nan ba ta mutu ba duk da haka. Abin da ya gani shi ne abin da muka sani: awaki da tumaki a turke da damina, harawa da karmami su zama abincinsu, kashinsu ya koma gona a mangala da rani. Jakuna su shiga birni da itace, su fito da taki. A bar gawo a tsakiyar gona yana zubar da ganye. Wannan tsarin ne ya riƙe mu.

Amma ku lura da abu ɗaya, kuma shi ne ya fi damuna a wannan yayi na inabi. Takin gida a wajenmu ba abin banza ba ne da ke jibge yana jiran mai ɗauka. Kowace mangala tana da gonar da take zuwa. Mu yi lissafi. Idan ka dasa inabi da tazarar mita uku-uku, hekta ɗaya za ta ɗauki gindi kusan 1,100. Babban gindi mai 'ya'ya a irin ƙasarmu yana son kamar kilo 15 zuwa 20 na ruɓaɓɓen taki a shekara. Idan ka ninka, kana maganar tan 16 zuwa 22 kenan duk shekara. Wane gida ne a ƙauyukanmu yake tara haka? Idan matashi ya kwashe takin turken gidansu ya kai wa inabi, gonar geron da gidan yake ci da ita ce za ta biya. Shekara biyu rumbu ya ragu, inabin kuma bai fara kawo kuɗi ba, sai rigima tsakaninka da Baba ko da yayyenka. Don haka kafin ka ƙirga dashen da za ka saya, ƙirga takin da kake da shi wanda ba na gandu ba. Idan na gindi talatin ne, dasa talatin. Daidai ruwa daidai tsaki. Gindi talatin da suka ƙoshi sun fi ɗari biyu da ke fama da yunwa.

Sai kuma yadda ake shirya takin. Ɗanyen kashi ba ya zuwa gindin inabi, musamman na kaji. Kashin kaji yana da ƙarfi ƙwarai, ɗanyensa yana ƙona saiwa. Ɗanyen kashin shanu da kara kuma suna kiran gara, ga gwazarma, ga irin ciyawa. A tara shi a rami ko a inuwa, a haɗa da busasshen ganye da ragowar harawa, a yayyafa ruwa ya yi danshi ba jagwab ba, a riƙa juyawa duk bayan sati biyu ko uku. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warin ya tafi, zafin cikinsa ya huce. Wanda zai yi wa inabinsa aski a Oktoba, tun Yuli ya kamata ya haɗa takinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu suna sayen sharar birni a mota saboda ta fi araha. A yi hattara. Sharar da jakuna suke ɗaukowa a da toka ce da kashin dabbobi. Ta yau akwai leda, da fasassun kwalabe, da tsofaffin batura, wani lokacin har da dattin masana'antu. Abin da za ka sa a gindin itacen da zai shekara ashirin, kuma mutane su ci 'ya'yansa ɗanye, ka san daga ina ya fito. Haka ruwan ban ruwa. Masu gonaki a bakin madatsar Thomas ta wajen Ɗambatta, ko Watari a Bagwai, ko Gari, ko masu rijiyar burtsatse, duk ya kamata su san irin ruwansu. Na bakin Jakara kuma sun fi kowa buƙatar a gwada musu, domin ruwan kwatocin birni yana gangarowa ta can. Inabi ba ya shiri da gishiri, ruwa mai gishiri-gishiri yana ƙona masa bakin ganye.

Yawwa, yanzu ga jadawalin. Shi inabi asalinsa na ƙasashe masu sanyi ne, inda yake zubar da ganye ya yi barci da hunturu. A ƙasa mai zafi ba ya wannan barcin da kansa, aski ne yake tsara masa shekara. Manoman Indiya na yankin Nashik, waɗanda suke fitar da inabi har Turai, sau biyu suke aski: ɗaya a Afrilu don gina sababbin rassa, ɗaya a Oktoba don 'ya'ya. Yanayinsu na damina ɗaya da rani mai tsawo ya yi kama da namu, shi ya sa tsarin ya dace da mu. Ana so fure da nuna su faɗo a rani da hunturu, lokacin da babu ruwan sama da zai kawo fumfuna ya fasa 'ya'ya. Takin ma wannan askin yake bi.

Mataki na farko, sabon dashe. A haƙa rami mai zurfi da faɗi, kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya. A cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a sa ɗan takin supa a ƙasan ramin, domin fosfaras ba ya tafiya a cikin ƙasa, inda ka sa shi nan yake zama, gara ya kasance kusa da saiwa. Kada a sa yuriya a ramin dashe. Sai ya kama ya fara toho, sannan a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kamar cikin kwalin ashana ɗaya, duk bayan sati uku ko huɗu, nesa da gindi da kamar taƙi ɗaya. A wannan shekarar ce kawai ganye da tsawo suke abin nema, domin so ake ya hau rumfa.

Mataki na biyu, askin gini, wajen Maris zuwa Afrilu bayan an gama girbi an bar shi ya huta. Kafin askin da sati ɗaya ko biyu, a tona ɗan kwari a gefen layi, kamar rabin mita daga gindi, zurfin taƙi guda. A zuba rabin takin gida na shekara, a ƙara kamfa 15:15:15, a rufe, a yi ban ruwa. A wata na farko bayan aski ana iya ba shi ɗan naitirojin don sababbin rassa su fito da ƙarfi. Daga wajen kwana 40 zuwa 60 bayan aski, a tsayar da yuriya cak. A wannan tsakanin ne idanu suke ƙulla nonon da za ka girba da hunturu mai zuwa, abin da suke so fosfaras ne da rana. Daga nan sai fotasiyam, don rassan su nuna, su juya daga kore zuwa ruwan ƙasa. Reshen da bai nuna ba ba ya ba da amfanin kirki.

Mataki na uku, askin 'ya'ya, idan damina ta ɗauke, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A sake tona kwari ta ɗaya gefen, a zuba ragowar takin gidan. Bayan toho ya fito a ba shi naitirojin daidai gwargwado. Da an ga fure ya kusa buɗewa, a dakata, domin naitirojin mai yawa a wannan lokacin yana sa fure ya zube. Idan 'ya'ya sun ƙulla sun kai kamar ƙwayar wake, a ɗan ƙara kamfa don su yi girma. Da zarar sun fara laushi suna sauya launi, an gama da yuriya a wannan zangon, fotasiyam ne kawai. Daga aski zuwa girbi wata huɗu ne zuwa biyar, ya danganta da iri da kuma sanyin shekarar.

Mataki na huɗu, wanda aka fi mantawa: bayan girbi. Mutum ya sayar, ya ƙirga kuɗi, ya juya wa gonar baya. Alhali itacen ya fito daga aiki mai nauyi, kuma a lokacin ne yake tara abinci a gindi da saiwa don zango na gaba. A ci gaba da ɗan ban ruwa, a ba shi ɗan kamfa, a bar ganyen ya yi aikinsa.

Wani zai ce, to fotasiyam ɗin a ina zan samu? Iri biyu ne a kasuwa. Akwai MOP, mai ja-ja ɗin nan da ake haɗa kamfa da shi, yana da sinadarin kuloraid, wato ɗan uwan gishiri, inabi kuma ba ya son ya taru masa. Akwai SOP, wanda ya fi dacewa da inabi, amma ya fi tsada kuma sai a manyan shagunan kayan gona. Sai kuma abin da ke kowane murhu, toka. Tokar itace da ta kara tana da fotasiyam da kalsiyam. A barbaɗa ɗan tafi biyu ko uku a kewayen babban gindi, a cakuɗa da ƙasa. Kada a jibga, tana da kaifi irin na kanwa, idan ta yi yawa tana hana saiwa shan wasu sinadaran. Kuma kada a haɗa toka da yuriya lokaci ɗaya, ƙarfin yuriyar zai bi iska. Ita yuriya ma ko ba toka, idan ka watsa ta a kan ƙasa cikin zafin bazara ka tafi, wani kasonta iska zai bi. A binne, a bi da ruwa.

Ku kuma koyi karanta ganye. Idan tsofaffin ganye duka sun yi fari-fari, rassa sun yi siriri, naitirojin ne ya yi ƙaranci. Idan bakin tsohon ganye ya yi rawaya ya ƙone yana nannaɗewa, a duba fotasiyam, a kuma duba gishirin ruwa. Idan tsakanin jijiyoyin tsohon ganye ya yi rawaya amma jijiyoyin suna kore, alamar ƙarancin maganiziyam ce, kuma yawan fotasiyam ma yana jawo ta. Idan ganyen kan reshe sun fito ƙanana, nono kuma ya zo da manyan 'ya'ya haɗe da 'yan mitsi-mitsi, ana zargin zinki ko boron. Amma don Allah kar wanda ya sayi boron ya yi ta fesawa da ka, tazarar da ke tsakanin isarsa da gubarsa kaɗan ce ƙwarai. Ido yana ba da alama ne kawai, gwaji ne yake tabbatarwa.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so mu yi tare. Muna da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta. Muna da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna a Jami'ar Bayero. Muna da KNARDA da malaman gonarta, ga cibiyar bincike ta IAR a Samaru. Matashi ɗaya mai gindi ashirin zai ji nauyin zuwa gwajin ƙasa, amma idan ku goma ne a gari ɗaya, ku haɗa kuɗi, ku ɗebi ƙasar kowa, mutum ɗaya ya kai. Haka buhun SOP, ku saya tare ku raba da mudu. Ku saya a wurin dila sananne, ku karɓi rasit, ku duba ɗinkin buhu. Tun 2019 akwai dokar tarayya ta kula da ingancin taki, gurɓata taki laifi ne, kuma ƙungiya ta fi mutum ɗaya bakin kai ƙara. Sannan mu nemi shugabannin ƙananan hukumominmu da 'yan majalisarmu, idan za a raba taki kada a tsaya a na hatsi kawai, a tuna da masu lambu da masu itatuwan marmari, a kuma turo malamin gona da ya san inabi. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin taki da na ban ruwa suka tashi. Wanda ya ranci kuɗi ya kafa rumfa ba shi da buhun da zai yi asara.

Abu na ƙarshe, ka sayi ɗan littafi na rubutu. Ranar aski, ranar da ka sa taki, wane iri, nawa, ranar fure, kilo nawa ka girba. Bayan shekara biyu wannan littafin zai fi kowane bidiyo amfani a wajenka, domin labarin gonarka ne da ruwanka.

A nan za mu dakata. Wanda yake da inabi a gida ko a gona, ya ɗauki hoton ganyen da na reshen ya turo mana, ya faɗi garinsu da shekarun itacen da takin da ya sa, za mu duba tare a shiri na gaba in sha Allah. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin dasawa. Allah ya sa albarka a noma, ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka.